Yaron da ya gane karatu ba sai an kora shi aji da bulala ba

Duk inda iyaye ko malamai suka hadu a garin nan, ko majalisa ce bayan la'asar ko gidan suna ko taron iyayen yara na karshen zango, da wuya a tashi wani bai ce "yaran yanzu basa son karatu" ba. Yana fada kuwa sai kaji kowa ya dauka, wannan yace waya ce ta lalata su, wancan yace gidan kallon bal ne, wata tace ai tunda aka rage duka a makaranta shikenan komai ya tabarbare. Ni dai ban yarda da maganar nan ba, kuma ba wai ina kare yara bane ido rufe. Abin da nake gani shine yawancin yaran da muke cewa basa son karatu, karatun ne basu gane ba, an wuce su tun aji daya ko aji biyu ba wanda ya waiwayo ya duba, kuma babu dan Adam din da zai ci gaba da son wajen da kullum sai ya fito da kunya. Yaro dan shekara 9 ya zauna a kasa tun karfe 8 har rana ta take yana kallon bakin malam yana motsi, bai san inda aka dosa ba, in an tambaye shi ya kasa a yi masa dariya ko a zane shi, gobe kuma ace ya taso da murna ya dawo. Wallahi ko babba ne sai ya fara neman hanyar fashi.

Lokacin da nayi koyarwa a karkashin N-Power, shirin gwamnatin tarayya na samar wa matasa aikin wucin gadi, wata firamaren gwamnati aka tura ni a gefen garin Gombe, aka bani aji hudu. Akwai wani yaro da yake zama can jikin bango, rubutunsa yafi na kowa kyau a ajin, duk abin da na rubuta a allo sai ya kwafe shi tsaf har da inda na ja layi, in ka duba littafinsa zaka rantse shine na daya. Ranar da nace ya karanta min abin da ya rubuta da hannunsa sai ya sunkuyar da kai, na matsa kusa nace kai karanta mana, ko layin farko ne, sai yace a hankali yadda yan kusa dashi ba zasu ji ba, "Malam ban iya ba". Ba Turancin kadai ba, na rubuta masa "baba" da "gida" ma bai iya hadawa ba. Shekara hudu kenan yana zana haruffa kamar yadda ake zana fulawa, kuma ba shi kadai bane, dana bi su daya bayan daya sai naga wadanda suke iya karanta jimlar Hausa guda har su fada maka abin da take nufi basu da yawa ko kadan a ajin. To yaron nan a rijista sunansa dan aji hudu, manhaja tace a koya masa darasin aji hudu, shi kuma abin da yake bukata na aji daya ne, duk wata dabarar karfafa gwiwa da zaka kawo in bata fara daga nan ba aikin banza kake.

Kuma kada wani yace wannan abin makaranta daya ne. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun fitar a 2022 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara yan shekara 10 a kasashe matalauta da masu matsakaicin karfi basa iya karanta dan gajeren rubutu su fahimce shi. Mu a nan ba sai an kawo mana rahoto ba, ka kira yaran unguwarku na aji biyar ka mika musu takardar gayyatar daurin aure kace su karanta, zaka ga abin da nake nufi. Dokar UBE ta 2004 tace ilimin shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole, mun dage wajen shigar da yara makaranta, wanda abu ne mai kyau, amma duk karshen shekara sai a kwashe aji gaba daya a tura gaba, wanda ya iya da wanda bai iya ba.

Abin da yake kara bani takaici shine maganin yana gidanmu, kullum muna wuce shi a zaure. Ku duba makarantar allo. Nasan wani zai ce ai can ma akwai dorina, eh akwai, kuma bana goyon bayan yadda wasu gardawa suke dukan kananan yara, amma ba dorinar ce take rike yaro ba. A makarantar allo ba'a hada yara hamsin akan darasi daya, kowa da allonsa kowa da inda yake, wannan yana babbaku, wancan ya shiga farfaru, wani ya fara satu da kansa, wani yana izu goma. Yaro zai zo gaban malam ya biya, in ya rike ace je ka wanke a kara maka, in bai rike ba ya koma ya ci gaba da maimaitawa, ba wanda zai tura shi sura ta gaba don kawai shekara ta zagayo. Ku lura da fuskar yaro ranar da akace ya wanke allo, da gudu yake zuwa, ya shanya allon a rana yana ta lekawa ko ya bushe. In ya kai wani matsayi gida ayi dan gumba ko waina a kai sadaka, Inna ta sani, Kawu ya sani, yan unguwa sun sani, ranar sauka kuwa ga zayyana ga walima. Wato tun daga ranar farko har karshe yaron yana ganin tafiyarsa da idonsa, yasan jiya ina yake yau ina yake, kuma akwai babban da yake sauraron karatunsa shi kadai ko na minti biyu ne. A boko yaro zai iya yin zango guda cur ba wani malami da ya taba jin muryarsa shi kadai, sai dai cikin amshi, malam ya fada aji ya amsa da karfi, wanda ya iya da wanda yake motsa baki kawai duk sun bace a cikin hayaniya.

Akwai wata kungiya a Indiya mai suna Pratham da ta fito da tsarin koyar da yaro daidai matakinsa, a gwada yara a raba su rukuni rukuni bisa abin da suka iya ba bisa ajin da suke ba, masu haruffa daban, masu hada kalma daban, masu karanta labari daban, a basu awa daya ko biyu a rana, wanda ya kware ya hau rukuni na gaba. An gwada shi a Najeriya ma, a Borno da Kano. Dana ji bayaninsa sai naga ai kusan abin da alarammomi suke yi ne tun kaka da kakanni. Dan abin da na iya yi a ajina kenan, na ware wadanda basu san haruffa ba muna zama gindin bishiyar darbejiya lokacin tara, da kwalayen da na yayyanka na rubuta ba, bi, bu, ka, ki, ku. Yaron nan na jikin bango ranar da ya hada "ka" da "za" da kansa ya tsaya ya kalle ni yace "Malam kaza ce?" nace kaza ce, sai ya fara jawo sauran kwalayen da sauri yana neman wata kalmar, aka kada kararrawa bai ma ji ba. Ban bashi biskit ba, ban yi masa alkawarin komai ba. Daga baya har allunan shaguna yake karantowa a hanya yazo yana fada min.

Sai maganar harshe, wadda mu a Gombe tafi damun mu fiye da yadda ake zato. Yaro daga rugar Dukku ko Nafada da Fulatanci ya tashi, na Billiri da Tangale, na Deba da Tera, Hausa a wajen wasa da kasuwa yake tsintarta, sannan ranar farko a makaranta a tare shi da Turanci, harshen da ko a gidansu ko a layinsu ba mai yi. A wasu makarantun kudi har tarar banakula ake karba, a sa monita ya rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa, sai yaro ya koyi cewa hanyar tsira itace yin shiru. Alhali kafin 2025 tsarin ilimi na kasa ya dade da tanadin a koyar da yaro a shekarun farko na firamare da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, a 2022 ma lokacin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi gwamnatin tarayya ta amince a kai shi har shekara shida, sai dai a aji bamu ga wani abin kirki ba, ba littattafai ba horo. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwajin koyar da yan firamare da Yarbanci a Ife, yaran kuma basu zama koma baya a Turanci ba. Makwabtanmu Bauchi su da Sakkwato sun yi shirin Mu Karanta da tallafin USAID, littattafan Hausa na yan aji daya zuwa uku. Ni ban ce a jefar da Turanci ba, yaranmu zasu rubuta WAEC da JAMB kuma da Turanci zasu rubuta, amma yaron da ya iya karatu da harshen da yake ji ya riga ya gane yadda harafi yake zama sauti, Turancin zai zo masa da sauki. Iyayen da suke murna yaro yana rera wakar Turanci a gida su daure su tambaye shi ma'anar layi daya.

Akwai wata yarinya ma a ajin, in an tashi awara take sayarwa a bakin titi. Na taba sayen ta dari da hamsin na mika mata dari biyar, kafin in gama zaro hannu tace "Malam canjinka dari uku da hamsin", ga wasu mutum biyu suna mata magana a lokaci guda kuma bata rude ba. Yarinyar nan in ka rubuta 500 - 150 a allo sai ta daskare, kuma an riga an gama yanke mata hukunci a makaranta cewa bata ja. Lissafin yana kanta, abin da ba'a yi ba shine a nuna mata cewa wannan na allon shine dai wanda take yi kullum da yamma. Dana fara kawo lissafi da kudin awara da mudun masara da kudin Keke Napep daga Tashar Dukku zuwa Pantami, hannunta ne yake fara tashi.

To bari muzo kan bulala, don nasan nan ne za'a fi yi min ca. Kullum hujjar itace "mu ma dukan ne ya gyara mu, gashi mun zama mutane". Dan uwa, kai da kake fadin haka ka tuna ku nawa ne a ajinku na firamare, ku nawa kuka kai sakandare, ina sauran? Wadanda duka ya kora basa zuwa taron iyaye su bada labari, suna tasha suna gareji suna gona, wasu har yau in an ambaci makaranta ransu baci yake. Kai da ka tsira mai yiwuwa dama kana ganewa, ko akwai mai duba maka littafi a gida. Ban ce kar a tsawata wa yaro in yayi rashin kunya ko ya cuci dan uwansa ba, tarbiyya dole ce. Amma dukan yaro don bai gane ba zalunci ne, tsallen kwado da kamun kunne basu taba sa harafi ya shiga kai ba, abin da suke koya masa shine ya boye rashin saninsa, ya kwafi na makwabci, ya zauna a baya, daga nan kuma satar amsa take samo asali tun kafin aje jarrabawar fita. Zagi ma yafi dukan illa a wajena. Malami ya kira yaro dakiki ko jaki a gaban aji, yara su dauka su bi shi dashi har gida, shekara ashirin bai manta ba, kuma mafi muni shine ya yarda cewa haka Allah ya yi shi.

Ita ma kyauta da muke ganin itace kishiyar bulala tana da nata matsalar. Karshen zango a tara yara a rana, a kira na daya da na biyu da na uku a basu littafi da fensir a tafa musu, su dai wadannan ukun ne tun aji daya, kowa ya san su. Sauran yara tamanin fa, me aka fada musu? Wanda yazo na 62 yasan ko zai mutu ba zai kamo na daya ba, to don me zai wahalar da kansa. Ni da za'a ji tawa, a ci gaba da karrama masu kokari ba laifi, amma a kara da yaron da ya shigo zango bai san harafi ba ya fita yana hada kalma, a kira sunansa a asambuli, a aika wa babansa. A aji kuma yabo ya zama na gaskiya, ba "a tafa masa" na al'ada ba wanda ake yi har ya zama waka, ka ce masa jiya ka kasa wannan yau gashi ka yi, yaro yana bambance yabon da aka duba aikinsa aka yi da wanda aka yi don a wuce wajen.

Duk wannan da nake fada ban manta da yunwa ba. Yaron da ya fito ba ko koko a cikinsa ba kudin tara a aljihu, karfe 10 tana yi idonsa ya fara rufewa. Da aka fara ciyar da yan aji daya zuwa uku a shirin gwamnatin tarayya da aka kaddamar a 2016, naira 70 kacal ake warewa kowane yaro, amma kowa ya ga yadda azuzuwa suke cika ranar da masu abinci suka zo. Da damina kuma ga yan matan da ake kwasa a mota zuwa barema, wato aikin gona na kudi, tun asuba, ga masu talla, ga yaran da ake cirewa ranar kasuwa. Wanda yake fashin kwana biyu a sati dole a wuce shi, in an wuce shi kuma ya daina ganewa, in ya daina ganewa shi da kansa zai ce gara gonar. Iyaye ba don mugunta suke yi ba, talauci ne, amma na lura uban da yaga dansa ya karanta masa sakon waya ko takardar asibiti yafi jin nauyin cire shi daga aji, saboda yaga amfanin abin a hannu. Shi kuwa wanda dansa ya shekara biyar yana zuwa bai iya rubuta sunansa ba, da wane baki zaka ce masa ya hakura da kudin barema?

Mu manya kuma mu ji tsoron Allah da abin da muke fada a gaban yara. Ana zaune a majalisa Hamma yana cewa boko yaudara ce, ga wane da digiri yana jan Keke, kanensa dan aji biyar yana gefe yana ji, gobe kuma shi zai kama shi da duka don yaki zuwa makaranta. Rashin aikin yi gaskiya ne ba mai musu, amma mai jan Keken da ya iya karatu da lissafi ba daya yake da wanda bai iya ba, ko a wajen yarjejeniyar biyan kudin Keken ne.

Malamin da muke so ya yi duk wannan shi ma mutum ne. Tsarin ilimi na kasa yace malami daya yara 35 a firamare, ku shiga makarantun cikin gari irin na Bolari ko Jekadafari ko Tudun Wada ku kirga da kanku, wani ajin ko wajen taka kafa babu. Mutum yayi NCE, albashinsa baya kai shi tsakiyar wata, karin girma sai a takarda, alli ma wani lokaci da kudinsa zai saya, sannan a kira shi bita ta kwana biyu ace ya rika sa yara nishadi. A kasar nan tamu, lokacin da Gombe take cikin lardin Bauchi, Sir Abubakar Tafawa Balewa malamin aji ne a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta, Malam Aminu Kano ma a makarantar ya koyar a shekarun 1940, a lokacin koyarwa aiki ne da masu kaifin kwakwalwa suke shiga da alfahari. Yau yaro mai kokari in yace zai zama malamin firamare gidansu ne zasu fara hana shi. Duk da haka ina ganin malamai, musamman mata a kananan azuzuwa, da suke dinka kwalaye da hannunsu, suke sanin sunan kowane yaro da sunan mamarsa, kuma zaka ga ajinsu baya fashi. Irin wadannan ya kamata a rika bai wa aji daya da aji biyu, ba wai a tura wanda ake ganin bai iya komai ba can don wai yara ne kanana.

Abin da nake roko wajen SUBEB, hukumar ilimin bai daya ta jiha, da sakatarorin ilimi na kananan hukumomi 11 na Gombe bai kai kudin gina aji daya ba a kowace makaranta. Sati na farkon zango a zauna da kowane yaro daga aji biyu zuwa shida a ji karatunsa shi kadai, da Hausa ko harshen da yake ji, a san wa ya iya harafi wa ya iya kalma wa ya iya labari. A ware awa ta farko kowace safiya a raba su bisa haka, ko dan aji shida ne in haruffa yake bukata ya zauna da masu haruffa ba tare da an yi masa gori ba, a sake gwadawa bayan sati shida a matsar da wanda ya matsa. Hedimastan da yake da niyya zai iya farawa da malaman da yake dasu tun kafin takarda ta zo daga ofis, yan kwamitin kula da makaranta na al'umma (SBMC) da matasan unguwa masu NCE da suke zaune ba aiki zasu iya kama masa rukuni daya ko biyu. Mai duba makarantu kuma in yazo, bayan ya gama duba rijista da littafin shirin darasi, ya zabi yara biyar daga layin baya ya basu littafi su karanta masa.